Motar da Ba Ta Ja da Baya

Gidan burodin da ƙanena yake wa tuƙi sun dakatar da shi, wai shi ya kashe musu giyar mota.

Ƙaramar bas ce mai canza giya da kanta, ya yi shekaru yana raba burodi da ita kanti-kanti. Autanmu ne, tun yana yaro bai iya musu ba. Ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Da man giyar ya fara ƙauri, ya dangwalo a tsumma ya kai wa manaja, baƙi ƙirin.

Manaja ya ce, "Irin wannan ba a juye mata mai. Da shi ta zo, da shi za ta mutu."

Ta kuwa kama hanyar mutuwar. Ribas ne ya fara ɗaukewa.

Tun daga nan Auta ba ya shiga layin da bai san mafitarsa ba. In ya wuce kanti, sai ya zagaye unguwa ya dawo. In wani ya faka a gabansa, nan zai zauna, burodi na gumi a leda.

Masu kanti suna tsokanarsa: "Direba, yau ma gaba dai gaba dai?"

Ya yi dariya. Matarsa ce ta san kuɗin dariyar, ita ke gasa masa ƙugu in ya wuni turin mota.

Na ce, "Ka ajiye musu makullinsu mana!"

Ya ce, "Yaya, da furfurar nan wa zai ɗauke ni?"

Makon jiya ya shiga wani lungu, ashe an haƙa ramin famfo. Gaba rami, baya babu. Ya sauko ya sa kafaɗa, hannu ɗaya a sitiyari, yana tura mota cike da kaya, har bayansa ya riƙe. Janwe, motar jan motoci, ita ta fitar da ita. Manaja ya ce gangancin direba ne.

Yanzu yana kwance, juyi ma sai an taimaka masa. Duk wayar da ta yi ƙara sai ya ce, "Su ne?" Kiran gidan burodin yake jira, don ya san ba mai ba da mota ga wanda aka ce ya kashe giya.

Manaja, da kai nake. Ka kira bakanike ya juye man nan a gaban mai gidan burodi, kowa ya shinshina. Ka maimaita maganarka ta ba a juye mata mai da bakinka. Sannan ku wanke sunan ƙanena, ku mayar masa da aikinsa, da motar da ke ja da baya.