Ƙullin Dangwali a Wuyan Famfo

A daminar 2021 Malam Gide, tsohon malamin makaranta, ya ga wani mutum a ƙofar gidansa a Sheme: dogo, da sandar kiwo, amma ko akuya babu a bayansa. Ruwa ya roƙa.

Yana sha, idonsa na kan famfon da ke ɗiga.

"Baba, wannan asara fa?"

"Wata uku ke nan. Kai ina shanunka?"

"Ɓarayin daji sun kore."

Sai ya tsuguna, ya naɗe wuyan famfon da roba, ya yi ƙullin dangwali, irin na ɗaure maruƙa. Yana shafa ƙarfen kamar mai lallashin saniya.

Malam ya shiga ɗauko masa tuwo. Da ya fito, mutumin ya tafi. Kofin na kife, famfon ya yi shiru.