Ranar da Na Murza Tayar Ƙarin Ruwa

Ranar Alhamis ce, saura kwana biyu babbar Sallah, shekarar da nake aji biyar a firamare. Ina kwance a ɗakin yara na wani babban asibiti a Kano, an soka min allura a bayan hannun hagu an manne ta da filasta, ledar ruwa na rataye a ƙarfe a saman kaina tana ɗiga ɗis, ɗis, kamar indararo bayan ruwa ya ɗauke. Baba yana zaune a benci, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, gyangyaɗi na fizgarsa, don tun da aka idar da sallar asuba muka bar garinmu Toranke. Ni kuwa idona na kan agogon bango. Na san da la'asar 'yan mata za su taru a gidan su Saude, ƙawata, a yi musu lallen Sallah, ga shi ledar ko rabi ba ta yi ba.

Ciwon ya same ni ina da shekara tara, lokacin tsinkar gyaɗa. Na tashi wata safiya yatsuna sun ƙage, gwiwoyina sun kumbura sun ɗau zafi. Kafin nan ni ce gwanar 'yar carafke a unguwarmu, ni ke fara cika tulu a rijiya, ni ke kora awaki bayan gari in dawo da harawa a ka. Cikin wata uku na zama wadda ake ɗagawa daga tabarma. Inna, mahaifiyata, ta yi gashi da ruwan zafi, ta shafa man shanu, na sha rubutu, har wanzami ya yi min ƙaho. "Tashi a hankali, ba wanda ya kore ki," haka take ce min kullum da safe, tana murza min yatsu ɗaya bayan ɗaya. Daga baya wani likita a Gaya ya ce amosanin gaɓɓai ne, yana kama yara ma, ya tura mu Kano. Can aka ce duk wata za a riƙa sa min magani a cikin ƙarin ruwa, ya shiga jijiya sannu a hankali har awa huɗu.

Maganin ya yi aiki. Na miƙe, na koma makaranta. Sai dai ya kumbura min kumatu, yatsuna biyu kuma sun riga sun lanƙwashe. Yara suka sa min suna Goggo, saboda yadda nake dafa bango kamar tsohuwa in zan tashi. In an fito hutun ƙarfe tara ana gaɗa a gindin darbejiya, ni ke zaman gadin takalma, hannuwana a cikin hijabi. Shi ya sa lallen nan ya tsaya min a rai. A tunanina, in aka zana min hannu, ranar Sallah zanen za a kalla, ba yatsun ba.

Na sha ganin yadda malamar asibiti take murza wata 'yar taya a jikin robar ruwan, ɗigon ya ƙaru ko ya ragu. Na leƙa Baba, na ga kansa ya sunkuya. Na miƙa hannun dama na tura tayar har ƙarshe. Ɗigon ya koma zuba. Na ɗan ji daɗi, har ina lissafin za mu sami motar Ajingi, mai bi da mu gida, kafin azahar. Can sai na ji ɗaci a baki kamar na tsotsi ƙarfe, fuskata ta ɗau zafi, zuciyata ta hau bugu, jikina ya kama ɓari har gadon na kaɗawa, ƙirjina kamar an ɗora masa buhun gero. Matar da ke jinyar ɗanta a gado na kusa ce ta ƙwala ihu.

Malamar ta zo a guje ta rufe ruwan, aka kira likita, aka yi min allura, aka ɗora min abin shaƙar iska. Sai da numfashina ya daidaita sannan malamar ta juya ga Baba.

"Wa ya taɓa wannan? Malam, kai ne? Don kuna sauri ku koma gida ku yi Sallah, sai ka kashe 'yarka?"

Baba mutum ne da ake kira in an yi gardamar iyakar gona, in liman ya yi tafiya shi ke jan sallah a masallacin unguwa. Wadda take masa faɗan nan ba ta girmi yayata ba. Kowa a ɗakin shi yake kallo. Ya dube ni sau ɗaya, ni kuwa na runtse ido kamar ban farfaɗo ba.

"Ki yi haƙuri, malama," ya ce. "Ba za a sake ba."

Aka riƙe mu kwana uku. A asibiti muka yi Sallah, ƙanin Baba ne ya yanka ragonmu a gida. Ina jin matan ɗakin suna raɗa in ya wuce da buta, wai ga wanda ya buɗe wa 'yarsa ruwa. Da muka koma Toranke Inna ta ji labari daga bakinsa, yadda malamar ta faɗa haka ya maimaita, ta yi kwana biyu ba ta haɗa ido da shi. Ni kuma na ci tuwona, na karɓi naman da aka ajiye min, na yi shiru. Shekara uku muka ƙara muna zuwa duk wata, kuma duk ranar da muka tarar da malamar nan sai ta ce, "Malam, hannu a aljihu fa." Ya yi murmushi ya ce to. Ni ce nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige, amma ban taɓa buɗe baki ba.

Sai da na yi aure, na fara koyarwa a Ajingi, sannan wata rana na je gaishe shi na same shi a zaure yana ɓarar gyaɗar iri. Na zauna ina taya shi da yatsun da suka yarda. Ban ɗago kai ba na faɗa masa ni ce na murza tayar ruwan a ranar nan. Bai ko tsaya da ɓarar ba. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake kirana.

"Mu biyu ne a wurin, Uwata. Tunda ba ni ba ne, ai na san mai shi."

Na ce, "To Baba, me ya hana ka faɗa?"

"Da ke aka yi wa faɗan nan a gaban jama'a, ba za ki yarda ki sake shiga ɗakin ba. Ƙafafunki kuwa suna bukatar ɗakin."

Har yau ina zuwa ƙarin ruwan, don ciwon bai rabu da ni ba. Yanzu a kujera mai taushi ake zaunar da mu, na'ura ke ƙirga ɗigo, in an sami matsala ta yi ƙara da kanta. Ni kaɗai nake hawa mota in je, ina duba littattafan ɗalibaina har ledar ta ƙare, in dawo gida kafin magariba. Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Wani lokaci in na ga an shigo da yarinya mahaifinta na riƙe da takalmanta, sai in kau da kai in ɓoye fuska a mayafi. Shekara goma sha biyu na bar shi ɗauke da laifina, bai taɓa cewa ya yi masa nauyi ba.