Na Je Sabon Tasha Bayan An Rufe Yohanna

Ana sallame sallar asuba muka bar Unguwar Mu'azu, ni da maƙwabcina, za mu Sabon Tasha ta'aziyyar Yohanna, abokin aikina tun zamanin masaƙa a Kakuri. Mai Keke Napep ya faɗi kuɗin da ya sa na tambaye shi ko Abuja zai kai mu. Ya ce, "Alhaji, je ka tambayi gidan mai."

Hanya ba laifi, sai ramukan da kowa ya haddace. Muka tsaya muka karya da ƙosai da kunun gyaɗa, ƙosan ya ƙanƙance kamar yana jin kunyar farashinsa. Ban yi sauri ba, don a ganina ina da lokaci.

Ranar da labarin rasuwar ya zo, manhajar nan ta waya mai amsa kowace tambaya na tuntuɓa. Cikin Hausa mai daɗi ta ce Kiristoci kan ajiye gawa makonni kafin jana'iza, har ta tsara mini kalaman ta'aziyya. Na haddace su, na tura wa iyalinsa, na ci gaba da harkokina.

Mun isa masu shaguna na buɗewa, waƙa na tashi daga coci. A ƙofar gidan kuwa ana naɗe rumfa, ana ɗora kujeru a mota.

Matarsa ta fito da baƙaƙen kaya. "Alhaji, sai yau? Ai washegari muka rufe shi. Shi ya bar wasiyya, ya ce kada a kai shi firjin ajiye gawa, a yi masa da wuri irin naku. Har ya ce kai za ka kama masa akwati."

Kalaman da na haddace suka gudu. Na zauna na yi kuka.

A hanyar dawowa na yi ta juya maganar a raina. Manhajar ba ta yi ƙarya ba, abin da akasari ake yi ta faɗa. Amma ta san Kiristoci a rubuce ne, ba ta san Yohanna ba. Masu cewa ta kusa kamo hankalin ɗan Adam su yi haƙuri, da sauran tafiya. Da tsohuwar da ke tuya a layinmu na tambaya, cewa za ta yi, "Abokinka ya rasu kana tambaya? Tashi ka tafi."

Na iso gida da azahar. Saƙon yana nan a wayata, babu kuskure ko ɗaya a cikinsa, akwatin kuwa wani ne ya kama.