Sirdin da Yaya Garba ya yi nadamar ɗinkawa

Shekara shida ke nan da muka kai yayana Garba makwancinsa a Gusau, ba a Tsafe inda aka haife mu ba. Duk shekara idan damina ta kama sai in ce bana zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro, in sake ajiyewa. Ba ƙiwa ba ce ta hana ni, tsoro ne. Ko yanzu da na daure, mai karatu zai lura ban faɗi unguwarmu ba, ban faɗi sunan mahaifinmu ba.

Yaya Garba mai gyaran keke ne. Rumfarsa tana bakin titin da ya taso daga Gusau ya nufi Funtuwa, langa-langa huɗu a kan sanduna, da benci ɗaya, da kwanon ruwan da yake neman hujin tub a ciki. Faci da gyaran sarƙa kowa yana yi. Abin da ya fito da sunansa shi ne sirdi, kuma ni ne sanadi.

Lokacin an tura ni koyarwa wata firamare a bayan Kekun Waje, ina kwana a cikin Bungudu. Kullum sai na taka keke zuwa da dawowa a kan hanyar da ruwa ya zaizaye, ga ni da basur. Wanda bai taɓa haɗa basur da sirdin keke ba ba zai gane ba. Nakan isa aji in kasa zama, in koyar a tsaye har a tashi, yara suna zaton tsabar himma ce. Da na zo gida hutu na kasa ɓoyewa, Yaya ya ga yadda nake zama da gefe ɗaya a kan tabarma, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce in bar masa keken kwana uku.

Dama ya sayo wasu kekunan yara na gwanjo a Sabon Garin Gusau don ya ciri kayan gyara. Biyu daga ciki suna da dogon sirdi siriri mai lanƙwasa, wanda masu sayarwa ke kira sirdin ayaba saboda siffarsa. Kyan gani gare shi, amma azaba ne: ƙarfe ne aka lulluɓe da leda, in rana ta buga shi sai ya ƙona mutum, gefensa kuma yana cin cinya. Yaya ya yaye ledar. A ƙasa ya shimfiɗa robar tsofaffin silifas, a kai ya ɗora soson katifa mai tauri, sannan mai laushi. Ya sa reza ya fafe tsakiya, ya yi ɗan kwari daga gaba zuwa baya, don kada nauyin mutum ya sauka inda bai kamata ba. Ya je wurin dukawa ya sayo jan fatar akuya ya ɗinke da basilla, domin fata ba ta ɗaukar zafi kamar leda. Ƙarafan nan biyu da ke riƙe bayan sirdin ya sa musu ƙananan sifirin na tsohon babur. Hancin sirdin kuma ya sunkuyar da shi kaɗan.

Ranar da na hau na koma Bungudu, har na isa ban ɗaga jikina ko sau ɗaya ba.

Daga nan magana ta bazu. Manoma suka gane cewa dogon sirdi yana ɗaukar mutum biyu, ga kariya a baya ta rage ga buhu. Masu kai madara, masu tallan yadi ƙauye-ƙauye, limamin da ke zuwa ɗaurin aure gari uku a yini, duk suka zo. Da sirdunan gwanjo suka ƙare sai ya fara sa maƙeri ya lanƙwasa masa ƙarfen. Yana da wata ɗabi'a da ke ba mutane dariya: kafin ya yanka soso, sai ya sa mai keke ya zauna a kan farantin jiƙaƙƙen yashi da ya rufe da buhu, ya tashi, shi kuma ya duƙa yana duba inda ƙasusuwan suka lotsa. Dattawa sukan yi fushi. Sai ya ce, "Baba, tela ma sai ya auna." Su zauna suna gunaguni.

Wata ranar kasuwa da hantsi, ina hutu, ina zaune a bencinsa, mutum biyu suka tsayar da babur a gaban rumfar. Sun naɗe fuska da rawani, wanda ba abin mamaki ba ne ga mai tafiya a babur. Suka yi sallama da ladabi. Babban ya ce, "Kai ne Garba mai sirdi?" Yaya ya ce shi ne. Mutumin ya ce, "Wanga muka so ka yi muna irin na keke. Ka ƙara mai tsawo, ya ɗauki mutum ukku. Tafiyarmu da nisa."

Yaya ya ce shi aikin keke ya iya, ga masu ɗinkin sirdin babur can kusa da tasha. Mutumin ya gyara zaman rigarsa kawai, yadda ni da Yaya za mu ga abin da ke rataye a ƙarƙashinta. Sannan ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam, ya makaranta? Ya mutanen Kekun Waje?"

Ban taɓa ganinsa ba a rayuwata. Motoci suna wucewa, mai rake yana ta sara a gefenmu, wata mata tana ciniki da mai manja, ba wanda ya san abin da ke faruwa taku biyar daga inda yake. Na amsa da "lafiya lau", muryata kamar ba tawa ba.

Suka kwance sirdin suka bari, suka ce jibi za a zo karɓa.

A nan ne nake da abin da zan amsa a gaban Allah. Da suka tafi Yaya ya ce ba zai yi ba. Ni ne na riƙe hannunsa na ce, "Yaya, don girman Allah ka yi. Sun san inda nike aiki. Sun san hanyar da nika bi." Ya san ina da mata da jariri a Bungudu. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya ɗauko reza.

Na sha tambayar kaina me ya sa bai yi musu aikin banza ba, ya cusa tsumma ya rufe. Na tambaye shi daga baya. Ya ce ya yi niyya, amma ya ji tsoron su gane. Ya kuma ce, a hankali, hannunsa bai san yadda ake ɓata sirdi ba. Sai ya yi shi yadda ya saba, da kwarin tsakiya, da jan fata, da komai.

Bayan mako uku wani daban ya zo da saƙo: sirdin ya yi, akwai saura da yawa, za a riƙa kawowa bibbiyu. A daidai lokacin kuma aka fara ƙus-ƙus a gari cewa an ga mutanen daji a rumfar Garba. Wanda ya zauna a yankinmu ya san nauyin wannan magana. Mutum yakan rasa ransa a kanta kafin a tambaye shi ba'asi. Abokan hirarsa na shekara ashirin suka fara wucewa ta ɗaya gefen titi. Yaya ya shiga tsakanin tsoro biyu, kuma bai san wanne zai riga isowa ba.

Ya naɗe hannunsa na dama da bandeji ya ce wa kowa ƙarfe ya sare shi. Kwana tara yana zaune a rumfa da lafiyayyen hannu a naɗe, yana mayar da masu keke. A rana ta goma, bayan azahar, ya zuba sifanu da basilla a cikin buhun masara, ya sa matarsa Hajara da yara a motar haya kamar masu zuwa biki, suka shigo Gusau. Rumfar ya bar ta a buɗe da bencin da kwanon ruwan, don kada a gane ya tafi. Ni ma na nemi canjin wurin aiki, na samu bayan wata biyu, kuma a cikin wata biyun nan duk ƙarar babur da na ji a bayana sai na ji kamar bayan wuyana ake taɓawa.

A Sabon Gari ya kama ɗan wuri kusa da masu kekunan gwanjo, ya koma faci da ɗaurin waya. In an kawo sirdi sai ya ce ba ya yi. Ya rame. Mai ba da dariya ya zama mai zama yana fuskantar titi, ba ya juya wa hanya baya ko da yana cin abinci. Duk da haka na yi zaton da sannu zai warware.

Sai aka ɗauke Malam Isa, tsohon abokin aikina, a gonarsa. Ya yi sati bakwai a hannunsu kafin dangi su yi abin da za su iya a sako shi. Da aka kawo shi asibiti a Gusau na ce wa Yaya mu je dubiya, don shi ma ya san shi, ya taɓa yi masa sirdi. Malam Isa yana kwance ƙafafu a kumbure, yana ba da labari kamar yadda waɗanda suka dawo kan yi, a hankali, ba sa kallon kowa. Ya ce an sa shi a tsakiya a kan babur, ɗaya a gaba ɗaya a baya, an yi ta tafiya da shi daga hantsi har la'asar sakaliya. Sai ya ɗan yi murmushi ya ce, "Garba, ka san abin mamaki? Sirdin babur ɗin irin naka ne sak. Jan fata, da kwarin nan. Ina ta salati ina jiran mutuwa, amma wallahi ban ji ciwon zama ba."

Bai faɗa da wata manufa ba. Bai san komai ba, har yau ina jin bai sani ba. Yaya ya yi masa addu'a, ya miƙe, muka fito. A bakin ƙofar asibitin ya dafa bango ya yi amai.

Yaya bai ƙara wata huɗu ba jini ya hau masa, ɓarin jikinsa ya shanye. Kwana goma sha ɗaya ya yi a kwance. Likita ya rubuta hawan jini, kuma gaskiya ya rubuta. Hajara ce kaɗai ta dube ni ranar sadakar uku ta ce, "Kai ka san abin da ya kashe yayanka." Ba ta ƙara ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Hanyar da nake takawa da keke zuwa makaranta, yanzu ko a mota mutum sai ya tambaya kafin ya shiga. Gonakin da masu sirdinsa ke zuwa da asuba, da yawa sun koma ciyawa. Daga Gusau zuwa Tsafe, tafiyar da muke yi muna gyangyaɗi, yanzu fasinja kowa idonsa a kan daji, in direba ya rage gudu sai motar ta yi tsit. A da Yaya yana yawan cewa keke abin hawan mai kwanciyar hankali ne, don ba ya gudu, sai wanda ya tabbata ba mai bin sa. Ina jin da yana nan da ya ce sana'arsa ta mutu tun kafin shi. Wataƙila kuma da ya ce in daina ɗora wa kaina, don shi bai taɓa ɗora min ba, ko da a fuska. Wannan ya fi min nauyi fiye da a ce ya zage ni.

Me ya rage na Garba? Ba shi da gida a Gusau, rumfar Tsafe an daɗe da kwashe langa-langanta. 'Ya'yansa ba wanda ya ɗauki basilla. Na daɗe ina ganin abin da ya bari a duniya shi ne sirdi ɗaya da ke yawo a daji, ana ɗora bayin Allah a kai. Sirdi ɗari ya yi ko fiye, amma ɗayan nan ne ke zuwa min a rai, kamar yadda shi ma shi ne ya tsaya masa.

Watan jiya ina tsaye a bakin hanyar da ta shigo daga Bungudu ina jiran a-daidaita, sai ga wani magidanci yana tura keke, ƙafarsa duk taɓo. A kariya an ɗaure tukunya da tabarma. A kan sirdin kuma wata tsohuwa ce zaune, ya ɗaura ta da zane a jikin ƙarfen baya don kada ta faɗi. Daga gani an san daga inda suka fito da abin da ya fito da su. Ya jingine keken a inuwa yana haki. Fatar sirdin ta koɗe, ta tsage a gefe soso ya leƙo, amma na gane ɗinkin kafin in ƙarasa kusa.

Na gaishe su. Na ce, "Inna, sannu da hanya." Ta ce tun asuba suke tafe, ita ba ta iya taka ƙasa, ƙugunta ya daɗe da lalacewa. Ta shafa sirdin ta ce, "Da kan kariya ne, ɗana, da na ce ya aje ni ya tsira da ransa. Wanga na marigayi maigidana ne. Wani mutumin Tsafe ya yi mai shi."

Maganar ta zo min har baki. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sai na ga akwai mutane uku a tsaye kusa da mu waɗanda ban sani ba, ɗaya yana zaune a kan babur. Na haɗiye ta. Na sayo musu ruwan leda biyu da ƙosai, na nuna wa magidancin hanyar asibiti, na shiga a-daidaita, ina waige har muka sha kwana.

Allah Ya jiƙan Garba, Ya yafe mana, ni da shi.