Ya Fanna da Maraƙar da Na Bari a Rana

Ya Fanna ta rasu.

Da safen nan ina ɗaura wa ƙaramin ɗana takalmin makaranta wayar Umma ta shigo. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Bilki, Ya Fanna ta cika bayan asuba." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a ƙasa da takalmi ɗaya a hannuna, har yaron ya gaji ya karɓa ya sa da kansa.

Yawancinku ba ku san ta ba. Maƙwabciyarmu ce a Dogo Nini, Potiskum, katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Mu iyayenmu daga Kano suka zo kasuwanci, ita kuwa asalinsu Borno. Mijinta, marigayi Baba Goni, dillali ne a kasuwar shanu.

Hausarta irin ta Barebari ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu. "Kai Bilki, zo nan." Mu yi ta dariya a ɓoye. Ta sani, ba ta taɓa damuwa ba.

A shekarun casa'in, ina aji huɗu a firamare, malamai suka shiga dogon yajin aiki. Muka koma gararamba a unguwa daga safe har magariba. Ya Fanna ta taɓa koyarwa kafin ta yi aure, sai ta samo wani faffaɗan katako ta shafe shi da baƙin tsohon batir, ta jingina a jikin darbejiyar tsakar gidanta. Ta tara 'ya'yanta da mu 'ya'yan maƙwabta. Nan na iya rabawa a lissafi, nan na fara karanta shafi guda ba tare da na sa yatsa ba.

Amma ajin yana da doka. Ba mai taɓa alli sai an zuba wa kaji tsaba, an sauya wa awaki ruwa.

"Kai ka karya kumallo, su kuma wa zai ba su?" Haka take cewa.

Ita ta hana mu ɗaukar kaza a ƙafa kanta a ƙasa. Ta nuna mana yadda ake rungumarta a gefen ƙirji, hannu ɗaya a kan fukafukai. In mai jaki ya kawo itace, tana miƙa masa moɗa, ta sa mu kai wa jakin bokiti. Daga bakinta na fara jin hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Ba ta ɗaga murya ba, amma ranar na kasa cin abincin rana.

Wata Laraba Baba Goni ya dawo daga kasuwa da 'yar maraƙa a bayan a-kori-kura. Kwananta ba su fi biyar ba a duniya. Uwarta ta faɗi wajen lodi a tirela, ba ta tashi ba. Mahauta sun so maraƙar, shi kuma ya ce gida zai kai ta.

Muka sa mata suna Larai.

Ya Fanna ta nemo fidar jarirai, ta ƙara faɗin hudar, ta koya mana yadda ake ɗumama madara a gwada ta a bayan hannu. Ta raba mana kwanaki, kowa da ranarsa. Ni Asabar aka ba ni.

Asabar ta biyu ce ba na mantawa. Tsakiyar bazara ce, irin zafin Potiskum da ƙasa take ƙona tafin ƙafa. Babu aji ranar, Ya Fanna da yaranta za su je suna Dogo Tebo. Kafin ta fita ta ce, "Kai Bilki, in rana ta juyo ka mayar da Larai rumfa. Ka cika kasko."

Na ce to.

Na ɗaure ta a turke, a inuwar safe. Can sai na ji yara suna ihun an kawo wuta. A wani gida a layinmu akwai bidiyo, sun sa fim ɗin Indiya. Na ce bari in leƙa in dawo. Ban dawo ba sai da fim ya ƙare, wajen awa uku.

Na tarar da inuwa ta tafi tuni. Larai ta yi ta zagaya turke tana neman mafaka har igiya ta nannaɗe, ta shaƙe mata wuya. Tana kwance, harshe a waje, cikinta na sama da ƙasa. Kaskon da ban cika ba yana gefe a bushe.

Ina tsaye na rasa abin yi Ya Fanna ta yi sallama.

Ko mayafi ba ta cire ba. Ta yanke igiyar da wuƙa, ta sungumi maraƙar zuwa rumfa, ta jiƙa buhu ta lulluɓa mata. Ta haɗa ruwa da gishiri da sukari a fida, tana ɗiga mata kaɗan-kaɗan a gefen baki. Duk wannan ba ta kalle ni ba.

Ni kuwa tsoro ya sa na ce, "Wallahi na ba ta ruwa."

Ta sa yatsa a kaskon, ta nuna min ƙurar da ta fito. Shi ke nan.

Sai da Larai ta fara kaɗa kunne sannan ta juyo. Ta ce, "Cire takalmi. Je ka tsaya wurin turken."

Ban kai ƙirga ashirin ba na yi tsalle na dawo inuwa ina kuka.

Ta ce, "Ka gani? Kai kana da baki, ka yi kuka. Ba igiya a wuyanka, ka gudu. Ita fa, wa za ta kira?"

Labari ya isa gidanmu, Umma ta shigo da tsumagiya. Ya Fanna ta tare ta a bakin zaure. "Maman Bilki, bar shi. Ya riga ya ji."

Na ɗauka ta cire ni daga masu kula da Larai. Ni ma da ni ce, haka zan yi. Washegari na maƙale a ɗaki don kunya, sai ga ta ta leƙo ta saman katanga da fida a hannu.

"Kai Bilki, maras lafiyarka tana jira."

Kwana uku ni nake ba ta madara safe da yamma. Rana ta huɗu ta miƙe da ƙafafunta, ta tunkuɗe ni da kai tana neman ƙari. Larai ta girma, ta haihu sau biyu a gidan nan, mun sha nononta.

Na yi makarantu bayan nan, na sami malamai nagari. Amma ban tuna wanda ya yarda da ni kwana ɗaya bayan na yi masa ƙarya ba sai ita.

Ganinmu na ƙarshe da ƙaramar Sallar da ta wuce ne. Jiki ya yi rauni, gani ya ragu, amma da na yi sallama ta gane muryata. Na je da babban ɗana. Cikin hira na kai mata ƙararsa, na ce ya jefi karen maƙwabta da dutse har ya ɗingisa, kuma na zane shi sosai.

Na zaci za ta ce na kyauta.

Sai ta ce, "To yanzu ya koyi me? Babba yana dukan ƙarami, shi ke nan abin da ya gani."

Ta lalubo hannun yaron ta riƙe. Ta tambaye shi wace ƙafa ce karen yake ɗagawa. Ya ce bai lura ba. Ta ce, "In ka koma ka lura. Ka kai masa ruwa, ka zo ka ba ni labari."

Ya lura. Ƙafar baya ce ta hagu, kuma ta warke. Tun lokacin yake tambayata yaushe za mu koma Potiskum ya faɗa mata, ni kuma ina ta cewa sai an yi hutu. Yanzu yana makaranta, bai sani ba tukuna. Ina nan ina tunanin yadda zan gaya masa in ya dawo.

Na gode, Ya Fanna. Ban taɓa faɗa miki yadda ya kamata ba.

Ya Allah, baiwarka ta ji ƙan bayinka marasa baki, Ka ji ƙanta. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka shayar da ita daga Alkausara, Ka haɗa ta da Baba Goni a Aljanna Firdausi. Ka ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, ko bai san ta ba, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a. Sunanta Fanna.