Geron da Ban Ga Nunarsa Ba

Tun da na fara koyarwa a jami'a a ƙasar waje ban sake ganin kaka a garinmu Cadawa ba. Hutunmu da damina yake faɗowa. Nakan iso gero na kai gwiwa, in tafi yana shirin fidda kai.

Aikina lissafi ne. Ina bin yadda ƙwayoyin lantarki ke tafiya cikin abu mai sirantaka ƙwarai, wanda gashin kai ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Alli da allo da takarda, su ne kayan aikina.

Wata damina ina taya Baba maimai, hannuna ya yi kanta tun kafin hantsi. Muka zauna gindin aduwa, ya miƙo mini goran fura.

"Wai abin nan da kake bincike, ka taɓa ganinsa?"

"A'a, Baba. Ido ba ya ganinsa. Ni ina lissafa yadda zai yi, wasu su gwada da na'ura."

"In suka gwada bai yi ba fa?"

"Sai in sake."

"Shekara nawa kana sakewa?"

Na ce wannan da ke hannuna ya kai shida. Ya ce, "To, Allah ya sa albarka. Amma ka zo da kaka ko sau ɗaya. Kullum wahalar kake tararwa, ba ka ganin daɗin."

Na ce in sha Allahu baɗi. Baɗin ta zo da ɗaliban da nake duba aikinsu, ta gaba kuma da taro.

Ranar da masu gwajin suka rubuto cewa lissafina ya fito daidai, na rufe buro, wato ofishina, na kira gida. Yayana ya ɗauka, suna gona. Ina jin jaki na kuka, ana loda dammuna a amalanke, mata na gardama a kan wake. Ya ba Baba wayar. Na faɗa masa.

"Madalla," ya ce. "Ɗan riƙe, za mu ɗaga wani dami."

Ya aje wayar bisa kara, ya manta da ni. Ban kashe ba. Na zauna ina sauraren gonarmu har kiran ya yanke don kansa.