Shafuka Huɗun da Malama ta Yanke

"Gobe za a kwashe komai, Dakta," in ji sakatariyar sashenmu, tana laluben makulli a jakarta. "Shugaban sashe ya ce in ba a sami wanda zai riƙe kwas ɗin ba, baɗi ba za a ɗauki ɗalibai ba, ɗakin kuma ya zama ma'ajiyar kujeru. Takardar sa hannu tana kan tebur. Malamai uku sun karanta ta, kowannensu ya tuna yana da ciwon baya."

"Ni ma nawa ya soma," na ce.

"Allah ya sawwaƙe," ta ce, ta buɗe mini ofishinki, ta koma bakin aikinta.

Malama, yau kwana takwas ke nan. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa bayan jinyar mako biyu da kika hana a gaya mana. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Shekara ashirin da shida kika yi kina koyar da masu digiri na biyu yadda ake amfani da wasan kwaikwayo da waƙa da zane wajen ilmantar da jama'a da gyara zamansu. Kawuna, da na yi masa wannan dogon bayani, cewa ya yi, "Ashe yanzu har wasa sai an je jami'a."

Ba kishin al'umma ne ya kawo ni ajinki ba, kin kuma gane tun ranar farko. Ƙarin girma nake nema a wurin aiki, aka ce mini kwas ɗinki babu lissafi. Na zo da takalmi mai tsini da sabon littafin rubutu. Kika dube ni sama da ƙasa, kika ce, "'Yar nan, kama can gefen bencin." Wata uku muka yi muna ɗaukar benci daga mota zuwa bakin kasuwa, daga tasha zuwa harabar makaranta. Ciwon bayan da malamai ke tsoro yana da asali.

A bayan idonki muna kiran ki Mai Almakashi. Duk ɗalibin da ya kawo wasan da ya rubuta, sai ki karanta a gabansa, ba yabo ba fallasa. In kin zo inda aka fara warware matsala, ki jawo almakashi ki yanke sauran shafukan, ki jefa a aljihun tebur. Kina cewa wanda abin ya dama shi zai ƙarasa. Mun ɗauka mugunta ce irin ta manyan malamai, wadda suke kira tsari.

Nawa aikin a wani asibiti ne, tare da mata masu shara da goge-goge. Allura tana yawan sukarsu in sun ɗauki ledar shara, biyu daga cikinsu har sun kwanta. Na yi musu tambayoyi na mako shida, na rubuta wasa mai shafi ashirin da biyu. A ƙarshensa wata nas mai kirki ta tara su ta koya musu sa safar hannu, suka gode, aka yi waƙa. Ni kaina waƙar ta burge ni. Kika yanke shafi huɗu, har da waƙar. Na yi kwana uku ina gaishe ki da baki kawai.

Muka yi wasan a bayan ɗakin wanki, tsakanin igiyoyin shanya. Masu shara a kan benci, nas-nas a tsaye, babban likita a kujerar da aka ɗauko masa daga ofis. Da aka zo inda mai shara ta tura hannu cikin leda, kika tafa sau ɗaya, 'yan wasa suka tsaya cak. Kika juya ga jama'a da tambayar nan taki: "To, wa zai gyara?"

Wata nas ta ce, "Ai sai su riƙa sa safar hannu." Na dube ki ta wutsiyar ido. Ga ƙarshen wasana ya fito daga bakin mai ilmi.

Sai shugabar masu shara, tsohuwar da kowa ke kira Inna, ta miƙe. Ta cire safar da ke ɗaure a ƙugunta, ta karɓi allurar wasan, ta soka wa safar, allurar ta fito ta ɗaya gefen. "Shekara goma sha tara ina sa ta," ta ce. Sannan ta ce da ɗan wasanmu, "Ɗan nan, ara mini farar rigar." Ta saka, ta maƙale waya a kunne, ta taho tana jan ƙafar hagu, ta yi wa mara lafiya allura, ta cilla ta cikin ledar shara ba tare da ta duba ba. Babban likita ya yi ta dariya, har zuwa lokacin da ya gane tafiyar wa ake yi. Kafin wata ya ƙare, kowane ɗakin jinya ya sami akwatin zuba allurai.

Muka kama hanyar komawa. Kika ba ni gefen bencin da ya fi sauƙi.

Ranar kare kundina, malamin da aka gayyato daga waje ya juya shafuka ya ce, "Ban ga babin da aka wayar wa matan nan da kai ba." Kafin in buɗe baki kika ce, "Ranka ya daɗe, babin yana nan. Sai dai ita aka wayar." Kina faɗa kina jijjiga jaririyata, wadda kika karɓe daga hannuna a bakin ƙofa kika goya, don ta ƙi zama wurin kowa. Ban taɓa ganin an yi wa farfesoshi uku gardama da goyo a baya ba, sai ranar.

Ba zan mai da ke waliyyiya ba, za ki yanke shafin. Kina riƙe sakamakon jarrabawa har sai sakatariya ta yi kamar ta yi kuka. Ba ki taɓa riƙe sunan ɗalibi ba, kowa ɗan nan ne ko 'yar nan, amma masu sharar asibitin nan kin san sunan 'ya'yansu. Jami'a ta daɗe tana hana ki kujerar farfesa, wai maƙalunki sun yi kaɗan. Kika ce naki maƙalun da ƙafa suke yawo. A zaman makoki na ga sun zo: direbobin tasha, masu ɗinki, malaman firamare, matan kasuwa, har tabarmi suka ƙare aka aro na maƙwabta. Manyan jami'a sun zo su ma, sun sami inuwa.

Inna tana can, ta tsufa ƙwarai, jikarta na riƙe da ita. Ta gane ni kafin in gane ta. "Mai safar hannu," ta ce, "kin yi ƙiba." Muka yi wa juna gaisuwa. Da zan tashi ta riƙe mini gefen mayafi. "An tafa, an tsaya," ta ce. "To, wa zai gyara?" Na ce mata akwai manya a sashen. Ta ce, "Haka nas ɗin nan ma ta ce, a sa safa."

Yau na jawo aljihun teburinki. Suna nan duka, ƙarshen wasannin shekara ashirin da shida, an ɗaure na kowace shekara da zare: sarakunan da suka tuba, mazajen da suka gane kurensu, waƙoƙin godiya. Na sami shafukana huɗu. A saman na farko kin rubuta da jan biro: "Rubutu mai kyau. Ba a tambayi masu hannun ba." Shekara goma sha ɗaya yana jira na, ba ki taɓa nuna mini ba.

Na sa hannu a takardar, Malama. Da jan biron naki, don shi kaɗai ke rubutu a ɗakin.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya haskaka makwancinki. Duk hannun da allura ba ta soka ba saboda ke, Allah ya sa ya zama shaida a gare ki ranar da baki ba ya magana. Ga maigidanki, wanda ya yi shekaru yana haƙuri da benci a cikin motarsa, da 'ya'yanki uku, da ƙannenki, da jikoki, ina miƙa ta'aziyyata da ta duk wanda kika taɓa kira ɗan nan ko 'yar nan. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Na ajiye wa sakatariya takardar. Ta duba, ta ce, "Bayan naki fa?"

"Zai saba," na ce.

Na koma na ɗauki almakashin na sa a jaka, na mai da aljihun tebur yadda na same shi. Na jawo ƙofar ta rufu, na sauka in ƙirga bencin da suka rage.